Tafiyar Fort Worth da kocin da ya taɓa jifa

Ɗan ƙanena ne ya ja mu wannan tafiya. Na je Houston ziyara bayan ƙaramar Sallah ta 2023, na tarar yaron, mai shekara 13, ba shi da zance sai besbol, wasan nan na Amurkawa da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda. Kwana uku yana damun mahaifinsa a kai shi Fort Worth ya ga wasan jami'ar TCU. Da uban ya gaji sai ya turo shi wurina, ya san ba zan iya cewa a'a ba.

"Baffa, kocinsu fa ɗan wasan Houston ne a da," in ji shi, kamar wannan kaɗai ya isa hujjar ƙona man awa huɗu.

Mun kama babbar hanya mai lamba 45 da hantsi. A Huntsville wani ƙaton farin gunkin Sam Houston, mutumin da aka sa wa birnin Houston sunansa, ya tsaya a gefen titi, tsayinsa ƙafa 67, har na ce wa ƙanena ya rage gudu in kalla. Daga nan sai itatuwa da shanu. Mun wuce Corsicana, a Ennis muka karkata hanya mai lamba 287 da ke bi ta Waxahachie. Ƙanena na tuƙi, yaron na kujerar baya yana yi mini karatu.

Sunan kocin Kirk Saarloos. An haife shi a Long Beach ta jihar Kalifoniya a 1979, ya yi wasa a jami'ar Cal State Fullerton, ƙungiyar Houston Astros ta ɗauke shi a 2001, shekara ɗaya bayan haka ya shiga babbar gasar ƙwararru. Majefi ne, wato shi ke tsayawa a ɗan tudun da ke tsakiyar fili ya wurga ƙwallo, mai sanda na ƙoƙarin bugawa. Tsakaninsu mita 18 ne da ɗoriya.

Labarin da yaron ya fi so shi ne na ranar 11 ga Yuni, 2003, a filin ƙungiyar Yankees da ke Niyok. Babban majefin Astros, Roy Oswalt, ya ji ciwo tun a zagaye na biyu ya fita. Sai aka riƙa sako mutane ɗaya bayan ɗaya: Pete Munro, Saarloos, Brad Lidge, Octavio Dotel, Billy Wagner. Su shida suka gama wasan, ba a yi musu bugu ko ɗaya da ya shiga lissafi ba, aka tashi 8 da 0. Rabon da a yi wa Yankees haka tun 1958. Na tambaye shi nawa ne rabon mutumin namu a cikin masu sanda 27 da aka fitar kafin wasan ya ƙare. Ya ɗan sosa kai.

"Mutum huɗu ya fitar, Baffa."

Ƙanena ya tuntsire da dariya. "Yaya, ka ji ko? Cikin 27."

Na ce su bar shi, da hanau gara mannau. Amma abin ya zauna mini a rai, domin sauran tarihin nasa ma haka yake, ba na tauraro ba. An mayar da shi ƙungiyar Oakland a 2004, shekararsa mafi kyau 2005 ya ci wasa 10 ya faɗi 9, ya yi shekara ɗaya a Cincinnati, ya koma Oakland, zuwa 2008 an gama. Jifansa ba shi da gudun da ke tsorata mai sanda. Ƙwallonsa nutsewa take yi dab da isowa, sai a doke ta ta sama ta gangara a ƙasa, abokan wasa su tsince ta su fitar da mai bugun. Mai irin wannan hannu dole ya san halin kowane mai sanda, ya san inda zai ajiye ƙwallo, don kuskure ɗaya ya isa a aika ta bayan katanga. A ganina, ni da ban san wasan ba sai a wannan mota, irinsa ne ya fi dacewa da koyarwa. Wanda Allah ya ba ƙarfi ba ya iya raba wa yara ƙarfin, mai dabara kuwa yana da abin faɗa musu.

Ya fara koyarwa a tsohuwar jami'arsa, sannan ya zo TCU a matsayin kocin majefa daga kakar 2013. Yana nan suka je gasar ƙarshe ta jami'o'i da ake yi a Omaha sau huɗu a jere, daga 2014 zuwa 2017. Da babban koci Jim Schlossnagle ya koma jami'ar Texas A&M a 2021, aka ba Saarloos kujerar.

Mun yi la'asar a gefen mota kafin mu shiga filin Lupton, inda TCU ke wasa. Ko'ina shunayya: huluna, riguna, har fuskokin yara. Alamar jami'ar suna kiranta kwaɗo mai ƙaho, amma da na duba hoton da kyau sai na ga ƙadangare ne, irin masu ƙaya a jiki da ke zaune a busassun wurare na Teksas. Na faɗa wa yaron, ya ce kowa ya sani, in rage murya.

Abin da ya fara ba ni mamaki ƙarar bugu ce. 'Yan jami'a da sandar ƙarfe suke wasa, ba ta katako irin ta ƙwararru ba, don haka duk bugun da ya samu ƙwallo sai ka ji ƙwal, kamar an doki galma da guduma. Sauran lokacin kuwa jira ne. Majefi ya kalli mai cafewa, ya gyara hula, ya murza ƙwallo a tafin hannu, ya shuri ƙasa. Dattijon da ke kusa da ni yana fasa gyaɗa yana zubar da ɓawon a ƙarƙashin kujera, yana cika wata takarda da fensir, kowane jifa da alamarsa. Ban ɓoye ba, a zagaye na huɗu gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Yaron ne ya zungure ni. Wani matashin majefi ya rikice, ya yi jifa huɗu a waje ya ba mai sanda hanya kyauta, mai sandan da ya biyo baya kuma ya doki jifansa. Sai ga kocin ya fito daga rumfar 'yan wasa, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Ya hau tudun, yaran suka kewaye shi, kowa ya rufe baki da safar hannunsa don kada abokan hamayya su karanta leɓe. Ba mu ji komai ba. Na dai ga matashin na gyaɗa kai, kafaɗunsa da suka ɗage sun sauka. Kocin ya miƙa hannu, matashin ya sa masa ƙwallon, ya dafa bayansa, ya yafito wani daga can gefen fili. Wanda aka cire ya sauko kansa a sunkuye, mutane suka tafa masa duk da haka.

"Baffa, shi ma an sha karɓe ƙwallo a hannunsa haka," yaron ya raɗa mini.

Mun kwana a wani masauki a bakin hanya, washegari muka juya. Ina gida a watan Yuni saƙon yaron ya shigo ta WhatsApp da tsakar dare: TCU sun kai Omaha, karo na farko a ƙarƙashin Saarloos. Bayan kwanaki wani ya sake shigowa, jami'ar Florida ta fitar da su da ci 3 da 2, saura ƙiris su kai wasan ƙarshe. A ƙasan saƙon ya haɗo bidiyon kansa a bayan gida, yana wurga ƙwallo jikin katanga, yana tambayata ko na ga ta nutse. Na kalla sau uku, ban ga komai ba, na ce masa ya sake turo wani da rana.