Seamus Heaney da baƙar ƙasar fadama

Wanda bai san fadamun Ailan ba, da wuya ya kama bakin zaren waƙoƙin Seamus Heaney. An haife shi a 1939 a gonar Mossbawn da ke yankin Derry, Ailan ta Arewa, shi ne babba cikin 'ya'ya tara. A wannan karkarar, baƙar ƙasar fadama ake ƙonawa maimakon itace.

Gansakuka ce da ciyayi suke taruwa cikin ruwa ba tare da sun ruɓe duka ba, kaurinsu na ƙaruwa kamar milimita 1 a shekara. Ana yankarta da siririn shebur mai kunne a gefe, ta fito tubali-tubali, jiƙe sharkaf. A shanya a ƙasa, a juya, sannan a tsayar da 'yan ƙwayoyi suna jingine da juna don iska ta ratsa. Idan ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, aikin ya lalace: ɗanyen tubali hayaƙi kawai yake yi. Waƙar "Digging", wadda ta buɗe littafinsa na 1966, a kan wannan aikin take: kakansa na yankar fadama, ubansa na haƙar dankali, shi kuwa alƙalami ne a hannunsa.

Ruwan fadamar yana da tsami, iska ba ta shiga, don haka gawa ba ta ruɓewa, fata dai ta yi baƙi kamar jemammiya. A 1950 aka tono wani mutum a Tollund, ƙasar Denmak, da igiya a wuyansa, ya haura shekara 2,000 a kwance, amma fuskarsa kamar mai barci. Heaney ya ga hotunan irin waɗannan gawarwaki daidai lokacin da ake zubar da jini tsakanin 'yan Katolika da Furotesta a Ailan ta Arewa. Da su ya yi maganar kisan zamaninsa a littafin North na 1975. Wasu sun zarge shi da ƙawata kisa. Ni dai ina ganin mutum ne da ya ƙi zama kakakin kowane ɓangare, kuma ya sha matsi a kan haka.

Ya karɓi kyautar Nobel a 1995. Ya rasu a Dublin ranar 30 ga Agusta 2013, bayan ya tura wa matarsa Marie saƙon waya da Latin cewa kada ta ji tsoro. An binne shi a Bellaghy, kusa da fadamun da kakansa ya haƙa.