Ciwo da zubewar gashi a jikin tsohon ɓeran Masar: inda aka kwana

'Yan uwa masu kiwon ɓeran Masar, dabbar da ake bibiya a wannan rahoto mace ce mai shekara 6. Yawancinsu shekara 5 zuwa 7 suke yi a duniya, kuma tun daga shekara 4 ake fara lissafa su cikin tsofaffi, don haka wannan ta manyanta sosai. Lokacin ƙarfinta nauyinta yana kai gram 960. Da aka fara rubuta bayananta ta sauko zuwa 870, gashin kwiɓinta na hagu da na dama ya zube, akwai kuma wani fili a kan gwiwar baya ta dama inda gashin ya gutsuttsure. Tafiyarta ma ta sauya: maimakon ta ɗaga ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya, sai ta haɗa su ta yi tsalle.

Matakin farko: sikeli da littafi

Ɓeran Masar dabba ce da wasu dabbobi ke farauta, ɗabi'arta ce ta ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta. Idan ka jira ta yi kuka, ka makara. Abin da ba ta iya ɓoyewa shi ne nauyi. A samu sikelin girki mai auna gram, a ɗora kwano a kai, a mayar da shi sifili, a sa ta ciki. Lafiyayya sau ɗaya a mako ya isa, mara lafiya kullum, a lokaci guda, kafin abincin safe. Hawa da saukar gram 20 zuwa 30 ba komai ba ne, cikar ciki da mafitsara ce. Gram 50 ƙasa a sa ido. Idan ya doshi 100, sai likitan dabbobi, ba jira.

Bayan nauyi, ana rubuta abu uku: yawan kashinta da siffarsa, yadda take zama, da abin da ta bari a kwano. Mai ciwo takan dunƙule a lungu, gashi a tashe, ido a lumshe rabi, wani lokaci tana goga haƙora a hankali. Kashi ƙanana busassu, ko masu tsini a gefe ɗaya, alama ce abinci ya ragu a hanji. Akwai kuma kashi mai laushi da lafiyayyen ɓera ke lanƙwasawa ya ci kai tsaye daga duburarsa, yana samun sinadarai daga ciki. Idan aka fara ganin irinsa a turmushe a kan shimfiɗa, sau da yawa bayanta ko gwiwarta ne suka hana ta lanƙwasawa. Wannan macen haka take.

Karanta sanƙon kafin a shafa komai

Nan ne aka fi ɓata lokaci da kuɗi. Mutum ya ga gashi ya zube, sai ya nemo man shafawa. Alhali zubewar gashi iri-iri ce, kowanne da sanadinsa, kuma siffar wurin ce ke nuna hanya.

Idan akwai ƙaiƙayi mai tsanani, ɓawo, da ƙuraje a wuya, kafaɗa da baya, a fara zargin ƙazuwa. Ƙwayar da ke jawo ta, Trixacarus caviae, tana haƙa rami cikin fata, ido ba ya ganinta. Takan zauna shiru a jikin dabba tsawon lokaci, sai tsufa ko wata cuta ta raunana jiki sannan ta tashi. Zafinta kan kai ɓera ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya idan aka taɓa shi. Kada a yi wa irin wannan wanka, ruwa ƙara azabar yake yi. Maganinta ivermectin ne ko selamectin, gwargwadon nauyi, kuma ivermectin ana maimaita shi bayan kwana 7 zuwa 14, yawanci sau uku, domin ba ya kashe ƙwai. Duk abokan zamanta sai an yi musu tare.

Idan fili ne zagayayye mai fari-fari a fuska, kunne ko hanci, makero ne ya fi kusa, kuma yana kama mutum, musamman yara. A sa safar hannu. Ƙwarƙwata kuwa ana ganinta da ido tana motsi a gindin gashi. Sanƙon da ke bayan kowane kunne halitta ce, kowane ɓeran Masar yana da shi, a bar shi.

Na wannan macen bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Fatar kwiɓin sumul take, babu ja, babu ɓawo, ba ta sosawa, kuma gefen hagu daidai yake da na dama. Kan nononta ya yi kauri ya bushe, cikinta ya buɗe ta ƙasa alhali kafaɗunta sun rame, ta kuma fara hawa abokiyar zamanta tana gurnani. Wannan hoton ƙullutun ruwa ne a ƙwan mahaifa, abin da ya zama ruwan dare ga matan da suka haura shekara 2 ba a yi musu tiyatar cire ƙwan mahaifa ba. Wasu ƙullutun ba sa taɓa gashi, sai dai su girma su danne hanji. Masu fitar da sinadarin jinsi su ne ke zubar da gashi.

Filin kan gwiwa daban yake. Idan ka shafa shi da yatsa za ka ji tsinin guntun gashi, ma'ana ba zubewa ya yi daga tushe ba, cinye shi aka yi. Abokan zama sukan yi wa juna haka, amma su sun fi cin na kai, wuya da baya, inda dabbar ba ta isa da bakinta. Gutsurarren gashi a kan gaɓa guda, a inda bakinta ke kaiwa, ita ce ke cizon wurin da ke mata zafi.

Abin da likita ya duba

An kankari fata an duba a madubin likita, ba a ga komai ba. A sani cewa wannan gwajin yakan kuskure ƙazuwa, shi ya sa likitoci da yawa ke ba da ivermectin duk da haka idan akwai ƙaiƙayi. Hoton ciki ya nuna ƙullutu a ɓangarorin biyu. Hoton ƙashi ya nuna gwiwoyin baya sun ci, ta dama ta fi, ya kuma tabbatar babu tsakuwa a mafitsara. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: tsakuwar ɓeran Masar yawanci ta kalsiyam ce, tana fitowa sarai a hoto, kuma ita ma tana sa dunƙulewa da ƙara lokacin fitsari. An leƙa haƙoran tauna na ciki. Haƙoransu 20 ne, duk girma suke yi har mutuwa, kuma na ƙasa kan tanƙwaro su rufe harshe idan cin ciyawa ya ragu. Nata lafiya lau. An taɓa wuya ko akwai ƙullutu, tunda tsohon ɓeran da ke ci sosai amma yana rama zai iya kasancewa da matsalar maƙoƙo.

Maganin ciwo, da inda ake kuskure

An fara da meloxicam, maganin ciwo da kumburi, na ruwa ta baki. Adadin likita ne ke yankewa, amma lissafin dole mai kiwo ya iya shi, domin kwalba iri biyu ce a kasuwa: ta karnuka mai miligram 1.5 a kowane mililita, da ta kyanwa mai 0.5. Ninki uku ke nan. A ce nauyi gram 900 ne, likita ya rubuta miligram 0.5 ga kowane kilo. Abin da ake buƙata miligram 0.45 ne. Daga kwalbar karnuka mililita 0.3 ke nan, daga ta kyanwa 0.9. Wanda ya sauya kwalba bai sauya ma'auni ba, ko dai ya ba da kashi ɗaya cikin uku ya ce magani ba ya aiki, ko ya ninka sau uku ya taɓa ƙoda. Sirinjin da ke zuwa cikin kwali an zana shi ne da kilon kare ko kyanwa, a ajiye shi gefe, a yi amfani da sirinji na mililita 1 mara allura. A girgiza kwalba kafin a ja.

Jikin ɓeran Masar yana sarrafa wannan magani da sauri fiye da na kare ko kyanwa, shi ya sa likitocin da suka saba da su kan raba shi safe da yamma, kuma adadin kan kilo yakan fi na kare yawa. Idan aka lura tana walwala da safe amma ta dunƙule kafin dare, a gaya wa likita, wataƙila rabon ne ke son gyara. Ba a ba da shi ga wadda ta daina shan ruwa ko ta daina ci, har sai an duba ta. Ba a haɗa shi da sitiroyid ko wani maganin rage kumburi irin meloxicam ɗin. Idan shi kaɗai bai isa ba, likita na iya ƙara gabapentin ko tramadol, kuma duka biyun kan sa barci a farko.

Wani gargaɗi, ko da bai shafi wannan macen ba: idan fata ta yi gyambo, kada a taɓa ba ɓeran Masar penicillin, amoxicillin, ampicillin, clindamycin ko erythromycin. Suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, masu guba su mamaye, zawo ya biyo baya, sau da yawa mutuwa cikin 'yan kwanaki.

Wurin ba da magani, a naɗe ta cikin tawul, ƙafafu huɗu a ƙasa, ba a rigingine ba. A zura bakin sirinji ta gefe, a giɓin da ke bayan haƙoran gaba, a tura kaɗan, a jira ta tauna ta haɗiye.

Gyaran ɗaki da abinci

An cire duk wani tudu da matakala, komai ya dawo hawa ɗaya. An shimfiɗa bargo mai laushi a kan tawul mai tsotse ruwa, ana sauya na wurin kwanciyarta kullum. Mai ciwon gwiwa tana daɗewa zaune a wuri guda, fitsari ya jiƙa ta, tafin ƙafa ya yi ja ya kumbura, kuma ciwon tafin ƙafa ya fi ciwon gwiwar wuyar magani. A duba tafin kowace safiya. Ƙasan keji na waya haramun ne gare ta. A yanke farce duk bayan mako 4 zuwa 6, dogon farce yana murɗe yatsu ya ƙara wa gaɓa nauyi. Busasshiyar ciyawa a zuba ta a ƙasa kusa da makwanci, ba a rataye ba, ruwa kuma a sa kwalba da kwano duka biyu. Zafin ɗaki tsakanin digiri 18 da 24 ya fi dacewa. Sanƙo yana sa ta jin sanyi, amma zafi ya fi kashe su: daga digiri 28 zuwa sama akwai haɗari.

Kamar jikin mutum, nasu ma ba ya ƙera bitamin C. Rashinsa kaɗai yana kumbura gaɓoɓi ya lalata gashi, don haka ba a kammala zancen ciwon tsoho sai an toshe wannan ƙofa. Lafiyayye yana buƙatar miligram 10 zuwa 30 ga kowane kilo a rana, mara lafiya akan kai shi 50. A ba shi kai tsaye ta baki, ko ta yankan tattasai mara yaji kullum. Ɗiga shi cikin ruwan sha ba ya da amfani: haske yana lalata shi, ɗanɗanonsa kuma kan sa ta rage sha, abin da mai shan meloxicam ba ta so ko kaɗan. Wanda ke cikin abincin buhu ma yakan mutu bayan kamar wata 3.

Tunda ta rame, ana ƙara mata abincin sirinji sau biyu a rana, mililita 10 kowane zama, na Critical Care, garin abinci na musamman da ake damawa don dabbobi marasa lafiya, ko abincinta na buhu da aka jiƙa ya yi laushi. Wadda ta daina ci gaba ɗaya tana buƙatar aƙalla mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a yini, a rarrabe duk bayan awa 3 zuwa 4. Awa 12 ba ci ba kashi, wannan na gaggawa ne.

Inda aka kai yanzu

Abin da ya fara sauyawa tafiya ce, cikin makon farko: tsallen ya ragu, ta koma zuwa kwano da kanta. A mako na biyu kashi mai laushi ya daina bayyana a shimfiɗa. Nauyi ya tsaya a 870 na ɗan lokaci kafin ya hau zuwa 895. Guntun gashin gwiwa ya fara tsawo a wajen mako na huɗu, wanda ke nuna ta daina cizon wurin. Gashi shi ne ke zuwa a ƙarshe, kada a auna aikin magani da shi a makonnin farko.

Kwiɓi kuwa yana nan sumul, kuma haka ake tsammani, meloxicam ba ruwansa da ƙullutun mahaifa. Hanyoyi uku ke gaba. Tiyatar cire ƙwan mahaifa ita ce mai raba gardama, amma sa wa mai shekara 6 da ta rame maganin barci ba ƙaramin haɗari ba ne. Allurar sinadari irin hCG takan dawo da gashi idan ƙullutun mai fitar da sinadari ne, sai dai ba ta aiki ga kowa, kuma abin kan dawo bayan watanni. Zuƙe ruwan da allura sauƙi ne na ɗan lokaci, yakan sake cika. A ganinmu, muddin ƙullutun bai girma ya hana ta ci ba, sanƙo shi kaɗai bai isa dalilin yanka tsohuwa ba. An tsayar da gwada allurar, da sake hoton ciki bayan wata 2 don auna girman ƙullutun, tare da gwajin jini da fitsari domin ganin yadda ƙoda ke ɗaukar meloxicam ɗin. Idan nauyi ya sauka ƙasa da 850 kafin lokacin, ko ciki ya yi tauri, za a koma wurin likita a ranar, a sake zancen tiyata.