Yadda muka haƙa wurin ninƙaya a bayan gidanmu a Teksas

'Yan uwa mata da ke yawan tambayata yadda muka yi wurin ninƙaya a bayan gida, musamman waɗanda ba su daɗe da sayen gida a nan Amurka ba suna sha'awar yin irinsa, bari yau na zauna na faɗa muku yadda abin yake, dan wallahi wannan ruwa shuɗi da kuke gani a hoto yara na tsalle a ciki shi ne mai sauƙin, wahalar tana cikin takardu da kuma ki iya riƙe kuɗinki a hannu ki ce wa ɗan kwangila ba zan biya ba sai ka gama abin da muka rubuta.

Mu a gefen Hiyuston muke zaune, ni 'yar Kano ce tashin cikin birni. Da na faɗa wa Hajiyata a waya cewa ta yi, ke 'yar nan, ramin ruwa za ki haƙa a gidan da ke da ƙananan yara? Kuma tana da gaskiyarta, mu da muka tashi kusa da kududdufi mun san da wuya damina ta wuce ba a ji ruwa ya ci yaro ba, da tsoron ruwa aka raine mu, kaf gidanmu ba macen da ta iya iyo. To amma nan lissafin daban ne. Ruwa ko'ina yake, unguwa na da nata wurin ninƙayar, gidajen abokan yara na da shi, a gayyace su biki ki kai su ki tarar a bakin ruwa ake yi, ga tafkunan da ake haƙawa cikin unguwanni dan tare ruwan ambaliya. Hukumar lafiya ta CDC ta ce a Amurka ba abin da ya fi kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 kaman nutsewa a ruwa, kuma baƙaƙen yara 'yan shekara 10 zuwa 14 suna nutsewa a wuraren ninƙaya fiye da sau 7 a kan fararen yara sa'anninsu, abin kuma yana da tarihi, iyaye da kakannin baƙaƙen ƙasar nan an daɗe ana hana su shiga wuraren ninƙaya na gari, wanda bai iya ba kuwa me zai koya wa ɗansa. Namu yaran baƙaƙe ne, mu ma ba mu iya ba, lissafin nan har da su ciki.

Mun sa su a ajin koyo tun suna ƙanana, sai da babbar 'yata ta fara zama budurwa ta ce Umma ni na daina zuwa, ko da kayan ninƙaya masu rufe jiki ba ta sakewa a gaban maza, ni ma kuma ban matsa mata ba dan na fahimce ta sarai. Wannan ne asalin dalilin, ba wai kuɗi ne suka yi mana yawa ba, bashi muka ci a banki kuma har yau muna biya.

A 2022 muka shiga neman ɗan kwangila, lokacin kuwa kasuwarsu ce ke ci. Tun korona a 2020 mutane suka zauna gida kowa ya ce sai ya yi nasa, sannan ga sanyin nan na Fabrairun 2021 da ya kashe wuta a Teksas ya farfasa bututu da injinan ruwa na gidaje ba adadi, masu gyara suka yi ƙaranci, kaya suka yi tsada, ko sinadarin kulorin da ake zubawa dan tsabtace ruwan sai da ya yi wuyar samu bayan wata masana'antarsa a Luwiziyana ta yi gobara lokacin guguwar Laura a 2020. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jihar Teksas ba ta ba masu gina wurin ninƙaya wani lasisi na musamman, mai wayarin da filamba su dole sai da lasisi, amma shi ogan da zai karɓi kuɗinki, duk wanda ya buga suna a jikin mota ya yi kati ya zama ɗan kwangila. A gida in za ki yi gini akwai wanda ya san birkilan, an san gidansu an san ubansa, in ya ci amana a kai shi gaban mai unguwa ko a samu dattijon da yake jin kunya. Nan ba ki san kowa nasa ba. Wata yayarmu a masallaci da ta riga mu yi ita ta zaunar da ni ta ce, ƙanwata duk maganar da ba a rubuta ba ki ɗauka ba a yi ta ba, ki nemi takardar inshorarsa ki kira kamfanin inshorar da kanki, ki ce ya ba ki gidajen da ya yi shekara biyu uku da suka wuce ki je ki gani da idonki, sabo kowa nasa kyau yake yi.

Mun bi shawararta. Mun kuma biya lauya ya duba mana kwantiragin kafin mu sa hannu, Abban yara da farko yana ganin ɓarnar kuɗi ce, amma a nan ne muka ji abubuwa biyu da suka zo suka cece mu. Na ɗaya, a ƙasar nan in ka biya ɗan kwangila shi kuma bai biya waɗanda ya ɗauko ba, mai kawo kankare ko mai ɗaura rodi, suna iya zuwa su ɗora bashinsu a kan gidanka a ofishin gunduma, ba ka iya sayar da gidan cikin sauƙi sai an warware. Na biyu, dokar Teksas ta ce mai gida ya riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin har kwana 30 bayan an gama, saboda irin wannan. Kuma da yake gidan da iyali ke zaune ne, sai miji da mata duka sun sa hannu a kwantiragin kafin a fara aiki, ranar da mutumin ya turo min biro ya ce saura ke, na ji abin har raina, dan gidan nawa ne ni ma, da albashina ake biyansa.

Aka raba biyan kashi-kashi, ɗan kafin alƙalami kaɗan, sai in an haƙa, in an ɗaura rodi da bututu, in an zuba kankare, in an yi tayil da daɓe, na ƙarshe in an yi filasta an cika ruwa injin tace ruwan ya tashi.

Kafin katafila ta shigo sai da muka jira izini biyu, na hukumar gari da na ƙungiyar masu gidajen unguwa, waɗannan 'yan ƙungiyar ma sun fi hukuma bin diddigi, har kalar daɓen sai sun gani. Takardar safiyon gidan ta nuna akwai wani tsiri a jikin katangar baya da ba a yarda a yi gini a kai ba saboda layukan wuta da sauransu sun bi ta nan, dole aka rage faɗin tafkin. Sannan a kira lamba 811 aƙalla kwana biyu na aiki kafin a haƙa, kyauta ne, su zo su yi wa ciyawar fenti su kakkafa 'yan tutoci, ja na wutar lantarki, ruwan ɗorawa na gas, ruwan lemo na wayar intanet, shuɗi na ruwan famfo, kore na bututun masai. Autana ya ɗauka abin wasa aka kawo masa, yini na yi ina gadinsu kar ya tuge ko ɗaya, dan in katafila ta taɓa bututun gas ba mu kaɗai ba har maƙwabta.

Ƙasar Hiyuston laka ce baƙa mai danƙo, in ta sha ruwa ta kumbura, in rani ya yi ta tsuke ta dare, shi ya sa ko gidaje a nan harsashinsu ke tsagewa. Sai da injiniya ya zana yawan rodin da za a sa, aka ɗaura shi sara-sara a duk cikin ramin, mai wayarin ya zo ya haɗa rodin da injin da duk wani ƙarfe da waya ta tagulla dan kar wuta ta ja mutum a cikin ruwa, jami'in hukuma ya zo ya duba kafin a rufe. Ranar zuba kankare kam ban je aiki ba. Ba irin zubin da muka sani ba ne na kwaɓawa a kwano, fesa shi ake yi da iska ta wani ƙaton tiyo, mutum ɗaya ya rungume tiyon a kafaɗa yana juya shi jikinsa duk yana girgiza, wasu na biye da shi da cokulan gini suna yanka matakala da wurin zama tun kankaren na ɗanye, ƙura ta turnuƙe, zafi kuwa irin na Hiyuston mai gumi wanda ko inuwa ba ta maganinsa. Kusan dukkansu 'yan Meksiko ne da Honduras, Sifaniyanci suke yi, sun ɗaure fuska da ƙyalle. Na haɗa musu zoɓo da ƙanƙara a kula na fitar, ashe sun san shi, su ma suna sha a ƙasarsu, babban cikinsu ya ɗaga kofi yana ta godiya. Mutanen nan su ne suka gina abin da hannunsu, su ma baƙi ne kaman mu suna tura wa iyaye kuɗi gida, kuma su ne waɗanda in oga ya ci kuɗi suke tashi a tutar babu. Bayan sun tafi aikina ya zama shayar da kankaren safe da yamma da tiyo sama da mako guda dan kar ya bushe da sauri ya tsage.

Toh daga nan ne labari ya canza. Kason kankare shi ne mafi tsoka, muna biya sai ɗan kwangila ya yi ɗif, a kira ba ya ɗauka, a tura saƙo ya ce gobe, goben ta ƙi zuwa. Aka yi ruwan sama ramin ya cika ya zama kududdufi sak irin wanda Hajiya ke tsoro, ruwa kore, sauro, kwaɗi, na hana yara fita bayan gida kwata-kwata, barci ma ban cika yi ba ina tashi duba ƙofa. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga kamfanin da ya kawo kankare wai ba a biya su ba. Shi kuma ya dawo da daɗin baki, wai mu taimaka mu ba shi kason tayil tun yanzu ya sayo kaya.

A nan ne tarbiyyarmu take zame mana nauyi. Mu an koya mana in mutum ya ce ka taimake ni ba ka ce masa a'a kai tsaye, kuma Abban yara mutum ne mai kawaici, har ya ce min, Maman yara mutumin nan fa da alama ya shiga matsi ne, mu ba shi ko rabi. Na ce Abban yara ka yi haƙuri, kunyar mara kunya asara ce, in ya shiga matsi da kuɗinmu ya toshe ramin wani gidan, in muka ƙara masa wani ramin zai kuma toshewa. Muka rubuta masa ta imel, ba zagi ba ɗaga murya, cewa ba sisin da zai ƙara fita sai ya kawo takarda da sa hannun mai kankare cewa an biya shi, kuma daga yanzu kowane kaso sai da irin wannan takardar daga duk wanda ya yi aikin. Ya yi fushi, ya ce ba mu yarda da shi ba. Amma da yake mafi yawan abin da ya rage ribarsa ce kuma tana hannunmu, ya biya su ya kawo takardar, masu tayil suka zo. Na san wasu 'yan uwa a garin nan da suka biya kusan duka tun farko saboda an yi musu ragi, har yau suna shari'a, ramin na nan.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Aka yi filasta aka saka tiyo, suka ce kar a kashe famfon ko na minti ɗaya sai ya cika dan in aka tsaya zai bar zobe a jiki, sannan a yi ta goge shi da burushi kullum na wasu makonni. Doka ta ce sai da shinge mai tsayin aƙalla ƙafa 4 da ƙofa mai rufe kanta, katangar gidan ta cika wannan sharaɗin amma ni bai ishe ni ba dan ba ta raba yarana da ruwan ba, na sa aka ƙara shingen raga tsakanin ƙofar falo da tafkin, da ƙararrawa a ƙofar. Ku kuma sa a lissafi kuɗin wuta da na maganin ruwan duk wata, inshorar gida ta ƙaru, harajin gida ma haka, a Teksas ba a cire harajin jiha a albashi amma a kan gida suke fanshewa. Lokacin guguwar Beril a Yulin 2024 da wuta ta ɗauke wa gidaje sama da miliyan 2 a yankin nan, injin ya tsaya ruwan ya yi kore, na so a kwashe shi duka, mai kula mana da shi ya ce kul, in ƙasa ta jiƙe aka kwashe ruwan, ruwan ƙarƙashi na iya ɗago tafkin gaba ɗaya ya fasa shi, da hannu muka yi ta zuba magani muna gogewa har wuta ta dawo.

Yanzu ranar Asabar da hantsi Abban yara yakan kwashi mazan su bar gidan, mata da 'yan matan masallacinmu su zo, mun yi karo-karo muna biyan wata malama mai takardar koyarwa, akwai mai jikoki a cikinmu da ta fara iya kwanciya a kan ruwa, ni ma ina iya kaiwa ƙarshe na dawo. Duk lokacin da yara ke ciki mace ɗaya ce ke zama gadi, ba waya a hannunta ba hira, in ta gaji ta miƙa wa wata da baki, ba wai kowa ya ɗauka wata na kallo ba. Abin da ya rage mana shi ne tagar benen maƙwabcinmu da ke kallon rabin tafkin, ƙungiyar unguwa ba ta yarda katanga ta wuce ƙafa 6 ba, mun shuka itatuwa a jikin katangar amma ba su kai ba tukuna, na tura musu takardar neman izinin kafa rumfa ta wannan gefen, sun ce sai zamansu na wata mai zuwa.