Wasiƙa daga Essex: jajayen tuddan bakin teku

Jama'ar Zazzau, assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da malamai, da fatan kowa yana lafiya.

Gaɓar tekun Essex da ke gabashin Ingila fadama ce mai ruwan gishiri, shimfiɗe iya ganinka, kuma doguwar ganuwar ƙasa ce ke hana teku cin gonaki. Bayan ganuwar akwai rami mai ruwa da ke bin ta duk inda ta nufa. Bazazzagi ba ya buƙatar bayani a kansa: kududdufi ne, nan aka haƙi ƙasar ginin.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutanen nan kai shi ne wasu tuddai masu jar ƙasa, sama da 300, warwatse a fadamar. An yi ta hasashe, wasu na cewa matoyar tukwane ce, har a 1906 aka kafa kwamiti musamman don a tona a gani. Da aka tona sai ga toka, ga gawayi, ga tsingaron manyan kasake jibge. Ashe gishiri ake dafawa. Tun kafin Rumawa su ci ƙasar a shekara ta 43 Miladiyya, har cikin mulkinsu, ana tare ruwan teku a ramukan da aka shafe da yumɓu, a kwasa a zuba a kasko, a hura wuta sai ya ƙafe. Wutar ce ta gasa ƙasar ta koma ja. Daga baya manoma suka kwashe tuddai da dama suka watsa a gona, abin takaici.

Amma ba kowane tudu ko rami ne tsoho ba. Akwai ramukan da aka haƙa a 1940 don hana jiragen Jamus sauka. Akwai ƙarin tsayin da aka yi wa ganuwar bayan ambaliyar 1953, wadda ta kashe mutum 307 a Ingila. Ciyawa ta lulluɓe su duka, sai an tona ake sanin babba da ƙarami.

Can arewa, wajen tekun Wash, akwai wata ganuwa da kowa ke jingina wa Rumawa, alhali sai da suka bar ƙasar da ɗaruruwan shekaru aka gina ta. Nan na tuna gida, inda kowace tsohuwar ganuwa ta Amina ce. Ba ina rage wa Sarauniya daraja ba ne, amma da wuya a ce ta Birni da ta Kufena da ta Turunku duk aikin zamani ɗaya ne, kuma shaidar da za ta raba gardamar ita muke kwashewa muna buga tubali.

Roƙona ga magina da masu haƙar ƙasa: in kun ci karo da tsingaro ko kashin tama a gindin ganuwa, ku bar shi a mazauninsa, ku sanar da masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Naku,
ɗan'uwanku a Essex