Layin dogo uku a kwamfuta ɗaya, a garin da jirgi bai taɓa zuwa ba

A Tawa babu layin dogo, ba a kuma taɓa yi ba. Yawancin yaran da nake koya wa lissafi a kwaleji ba su san jirgin ƙasa ba sai a waya. Amma a cikin tsohuwar kwamfutata akwai layuka uku da nake shimfiɗawa, kuma babu wanda ya kai ƙarshe. Ranar da wani abokina ya ji haka a fada, sai ya aje kofin shayi ya ce, "Mushe, ashe kai ma ɗan kwangila ne." Aka yi ta dariya. Shi a ganinsa, mutum ya gama ɗaya sannan ya ɗauki wani. Ni kuwa da layi ɗaya na riƙe, da tuni na watsar da abin baki ɗaya.

Ga wanda bai san harkar ba: manhajar da nake amfani da ita Open Rails ce, ta kwaikwayon tuƙin jirgin ƙasa a kwamfuta, kyauta ake sauke ta, masu sha'awa ne suka rubuta ta don ta gaji Microsoft Train Simulator wanda ya fito a 2001. Shi wancan ya zo da layuka shida, biyu a Amurka, biyu a Japan, ɗaya a Ingila, ɗaya a Ostiriya. Afirka ko sawu. In kana son ka tuƙa jirgi a ƙasarku, sai ka gina ƙasar da hannunka. Akwai wata manhaja daban, TSRE5, da ita ake ɗora tudu da kwari, a shimfiɗa ƙarfen dogo gaɓa-gaɓa, a dasa itatuwa, a kafa gidaje. Ƙasar a yanke take murabba'i-murabba'i, kowane yanki mita 2048 ta kowane gefe.

Layina na farko na gaske ne, Yamai zuwa Doso. A watan Afrilun 2014 aka buɗe tashar Yamai, shugaba Mahamadou Issoufou da Boni Yayi na Benin suna wurin, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140, aka kai Doso a farkon 2016. Niyyar ita ce a wuce Gaya a je a haɗu da layin Kwatano da ya tsaya a Paraku tun 1936. Ba a haɗu ba, layin kuma bai shiga aikin jigila na yau da kullum ba. Saboda haka akwai ranakun da nake jin jirgin kwamfutata ya fi na gaske zirga-zirga a kan hanyar.

Daɗin wannan layin shi ne wani ya riga ya yi tunanin. Yana bin gefen kwaltar Doso, hoton tauraron ɗan'adam ya nuna inda ya bi, ni dai bin sawu nake. Sai dai yawa. Kilomita 140 a raba da tsawon yanki ɗaya, kusan yanki 70 ke nan a jere, in ka ƙara na dama da na hagu don kada direba ya leƙa ta taga ya ga ƙarshen duniya, ka doshi 200. Kowanne yana son sabara da geza da turakun wuta da gonakin hatsi. Aiki ne na hannu, ba ya cin ƙwaƙwalwa. Daren da na gama gyaran kayen yara, wato littattafan aikinsu, kaina ya ɗau zafi, shi nake buɗewa, in kunna rediyo, in yi ta dasa itace har barci ya zo. Na isa wajen Kure, inda raƙuman dawa suke, kuma na sa uku a gefen layi ko da yake ba sa motsi.

Wahalarsa guda ita ce faɗin ƙarfe. Layin Doso mita ɗaya ne tsakanin ƙarafunan biyu, kamar na Benin da na Abijan zuwa Wagadugu, wanda aka raɗa wa suna Abijan-Nijar amma bai taɓa taka Nijar ba. Tsofaffin layukan Najeriya milimita 1067 ne. Yawancin kayan da ake samu kyauta a intanet kuwa an yi su ne don milimita 1435, faɗin da Turai da Amurka suka fi amfani da shi. Ka ɗora tarago mai faɗi bisa layi matsattse, ƙafafun suna lilo a waje. Wanda bai sani ba ba zai kula ba. Ni ina kula.

Na biyu shi ne ɗan lelena, kuma babu shi a duniya: daga Kwanni, a raba hanya a Tsarnawa, a hau arewa ta Badagishiri zuwa Tawa, wajen kilomita 130, da ɗan reshe zuwa masana'antar siminti ta Malbaza. Jirgin kaya nake nufi, siminti da albasa da dabbobi. A nan babu sawun da zan bi, ni ne injiniya, kuma ƙasar Adar ba ta da sauƙin kai. Mota tana iya hawa tudu kai tsaye, jirgi ba ya iyawa, domin ƙarfe bisa ƙarfe santsi gare shi. Na ɗora wa kaina doka cewa hawa ba zai wuce ɗaya bisa ɗari ba, wato mita 10 a kowace kilomita. A ce gefen dutse ya kai mita 60, to sai na samo kilomita 6 na hanya da za ta yi ta kewaye kafin ta kai bisa. Tawa ta fi Kwanni tsayi da kamar mita 100 kawai, amma tsakaninsu sai ka hau faƙo, ka gangara kwari, ka sake hawa, kuma duk mitar da ka zubar sai ka biya ta.

Bayanin tsayin ƙasa daga SRTM nake ɗaukowa, awon da kumbon Endeavour na Amurka ya yi da rada a watan Fabrairun 2000. A da, na Afirka awo ɗaya ne a kowace mita 90, sai a 2014 aka saki na mita 30. Ya wadatar ga dutse. Ga ƙorama bai wadatar ba, don ƙoramar da faɗinta bai wuce mita 15 ba tana iya ɓuya tsakanin awo biyu, alhali ita ce ke cinye hanya da damina. Nan ne kawuna ya shigo. Tsohon direban kamiyo ne, ya yi shekaru yana ɗauko kaya daga tashar jirgi ta Paraku zuwa Nijar, don haka shi ya san jirgi, ya kuma san hanyar Kwanni kamar tafin hannunsa. Na nuna masa inda na bi da layin kafin a shiga Badagishiri. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa bisa gilashin.

"Kai yaro, mi ka aza nan?"

"Kwalbati ne, Kawu."

"Kwalbati? Wurin ga in ruwa ya taho ko raƙumi ba ya tsayi. Gada za ka yi, kuma ka ja ta gabas."

Na ja ta gabas. Jan nan ya ɓata min lissafin hawa na kilomita da dama, sai da na sake shi daga tushe, da fensir da kaye, kamar mai shirya jarrabawa. Irin wannan aiki ba a yin sa da gajiya, ba a kuma yin sa cikin rabin awa. In na buɗe layin Adar ina bukatar yini guda, kai sake, babu mai kirana. A lokacin lakkwal ba na samun haka. Don haka layin yana kwance daga Oktoba har a shiga babban hutu, kuma ban ɗauki kwanciyar nan a matsayin gazawa ba.

Na ukun ƙarami ne, daga Jibiya zuwa Maraɗi, wutsiyar layin Kano-Maraɗi mai kilomita 284 da shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke yi. Faɗinsa 1435 ne, kayan kyauta sun hau daidai. Shi abincinsa intanet, don sai na leƙa sababbin hotunan sama in ga inda aka share daji. In na sayi forfen intanet na dare, nasa ne. In babu, ya jira.

Wani malami abokin aikina, mai son tsari, ya ba ni shawara in yi musu rabon kwana kamar mai mata uku, kowane layi da ranakunsa. Shawarar tana da kyau a baki. Sai dai ranar layin Adar za ta iya faɗowa a daren da na dawo da kaye tamanin a jaka, ranar Maraɗi kuma ta zo babu ko mega ɗaya a waya. Ni ba kalanda ke raba min aiki ba. Abin da ke hannuna a daren nan shi ke rabawa: akwai kuran, wato wutar lantarki, ko babu, akwai intanet ko babu, akwai ƙarfin tunani ko babu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40 ana kuma yawan ɗauke wuta, kwamfutar tana huci, batirinta ba ya kai awa guda. A irin ranakun nan ba na buɗe komai mai nauyi. Lissafin hawa bisa takarda ba ya son kuran. Ɗaukar hoton bangon laka da waya, don in lulluɓe gidajen cikin kwamfuta da shi, shi ma haka.

Akwai kuma aikin da ban ƙirga cikin ukun ba, alhali shi ne ke riƙe da su: ƙera kayan ƙasarmu a Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa. Za ka sami cocin ƙauyen Ingila iri-iri a intanet, da shanun Holan, amma nemi rumbun laka irin na Adar mai ƙaton ciki da ƴar hula ta ciyawa, ko rudun albasa, ko amalanken jaki, ko masallacin gefen hanya mai buta a ƙofa. Babu. Duk abin da na ƙera sau ɗaya yana yi wa layi fiye da ɗaya aiki, kuma wannan ce babbar ribar riƙe su tare. Itacen dogon yaro ɗaya ya cika tashoshi uku. Amma ba komai ke tafiya ko'ina ba. Rumbun Adar bai dace da hanyar Doso ba, a ƙasar Zabarmawa an fi ganin na kara da ciyawa, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar zai gane an yi aron da bai kamata ba.

Gawo ne ya fi ba ni aiki. Manhajar ta san lokuta huɗu na Turai, har da na ƙanƙara, kuma a tsarinta itace yana kore da zafi, ya zubar da ganye da sanyi. Na mai da lokacin zafinsu damina, na sanyinsu hunturu, na ƙara hazo har rana ta dushe kamar yadda take yi a Janairu. Sai ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Dole na juya masa hotunansa, na ba shi tsirara a inda sauran suke kore. Wani Bature da na aika wa hoton layin ya rubuto cikin ladabi cewa akwai kuskure a wasu itatuwana. Na aika masa hoton gonar mahaifina a watan Agusta.

Abu biyu ne kawai nake kiyayewa sosai. Ba na rufe layi in koma wani sai na bar shi yadda jirgi zai iya tashi daga tasha ya kai inda ƙarfe ya tsaya ba tare da ya faɗi ba, ko da daji ne fayau a gefe. Layin da ake iya tuƙawa yana kiran mai shi ya dawo, wanda aka bari a wargaje kuwa tsoron buɗe shi ake yi. Sannan kowane layi yana da ɗakinsa daban a kwamfuta. A tsarin da aka gada daga Microsoft akwai fayil ɗaya, tsection.dat, mai ɗauke da bayanin duk gaɓoɓin ƙarfe, kuma layukan da ke wuri ɗaya tarayya suke a kansa. Ka sauya shi don layi guda, ƙarfen wani ya karkace. Open Rails ta yarda a ware su, na ware, kowanne da kwafinsa a kile USB da ke cikin akwatin uwargida, inda yara ba sa taɓawa. A bangon farko na kayen kowane layi kuma ina rubuta inda na tsaya da abin da ke biye, don bayan wata tara ba na tuna dalilin da ya sa na lanƙwasa hanya a wuri kaza.

Masu cewa a gama ɗaya tukuna suna kallon manyan layukan da ake saki a Turai ne, waɗanda sau da yawa gungun mutane ke yi, wani ƙasa, wani sigina, wani gine-gine. Ni kaɗai ne, da albashin malami da kwamfuta mai huci. Ko na bar komai na rungumi layin Doso, shekaru zai ci, kuma rabin shekarun zan yi su ne ina dasa sabara ina ƙyashin abin da na bari.

Yara biyu daga ajina sun fara zuwa ranar Asabar. Ɗaya tuƙi kawai yake so, ya danna ƙaho har maƙwabta su leƙo. Ɗayar kuwa, yarinya mai shiru-shiru, ta tambaye ni me ya sa jirgi ba ya hawa dutse kai tsaye, na ba ta kaye da bayanin tsayi na wani yanki kusa da Tsarnawa, ta dawo da hanyar da ta fi tawa gajarta da kusan kilomita guda ba tare da ta karya dokar ɗaya bisa ɗari ba. Tata zan shimfiɗa in an yi hutu. Gadar Badagishiri kuwa sai ruwa ya sauka, Kawu ya ce zai raka ni mu je mu ga iyakar inda yake kaiwa a jikin gaɓa kafin in yanke tsawonta.