Abin da haɗa tashoshin wuta biyu ya koya mini

Ƙananan tashoshi biyu ne, kowace da farantan solarta da baturanta, tana ba mutanenta wuta ita kaɗai. Ɗaya baturanta kan cika tun kafin rana ta yi tsaka, sauran hasken ya tafi a banza. Ɗayar kuwa injinan da ke kanta kan shanye ta kafin dare ya raba. Sai muka ce a ja layi tsakaninsu, mai rara ta tallafi mai giɓi. Jan layin bai ba mu wahala ba.

Wajen haɗa makunni aka sha daga. Wutar kowace tasha tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, na duba mitoci biyu na ga 50 nan, 50 can, sai na danna. Nan take bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, ta buga, ɓangarorin biyu suka yi duhu. Laifina ne. Yawan bugun ya zo ɗaya, amma takun bai zo ɗaya ba: wannan tana hawa, waccan tana sauka. Dole ƙarfin wuta da yawan bugu da lokacin tashinsa su dace kafin a haɗa, kuma ido ba ya kama wannan. Muka sa na'urar da ke jira har sai sun yi daidai, sannan ta haɗa da kanta.

Bayan sun haɗu kuma sai gardamar shugabanci. Kowace inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda ake amfani da ita a gida, an saita ta ta riƙe bugu a inda take so, ba ta sassautawa. Wuta ta dinga zagaye a tsakaninsu ba mai amfani da ita. Na dafa wayar wutar da ke bayan allon makunni da tsakar dare, lokacin da lodi ya yi ƙasa, na ji ta da ɗumi.

Maganin har yau yana burge ni. Ana saita kowace inbata ta ɗan rage bugunta idan lodi ya yi mata nauyi. 'Yar'uwarta tana jin raguwar a jikin layi, sai ta ƙara nata kaso. Ba wayar sadarwa, ba intanet, wutar ce da kanta ke kai saƙo. Daga baya muka ɗora kwamfutar da ke mayar da bugun 50 a hankali, tana kuma lura kada a tatse baturan gefe ɗaya.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne kariya. Janareta idan wayoyi suka haɗe yakan turo wuta mai yawa, bireka ta faɗi nan da nan. Inbata kuwa takan taƙaita abin da take turowa, kaɗan take ɗarawa a kan ƙarfinta, sai bireka ta yi shiru matsala tana ci. Sai da muka sake lissafin kariyar gaba ɗaya.

Yanzu kafin in miƙa irin wannan aiki, nakan yanke layin tsakiya da gangan bayan faɗuwar rana, lokacin da kowa ya kunna kayansa, in tsaya in ga ko kowace tasha za ta ɗauki nauyin mutanenta fitila ba ta ƙifta ba.