Yadda nake tantance man kifi kafin in yarda da tallarsa

A shagon magani nake aiki a nan Damagaram, kuma duk kwalbar man kifin da aka kawo, ta Kano ta biyo ko ta Yamai, juya ta nake fara yi. Gaban kwalba na mai talla ne.

Za ka ga 1000 mg da manyan baƙaƙe, amma wannan nauyin man ne gaba ɗaya. Sinadarai biyu masu amfani ake nema a cikin man, EPA da DHA. A ƙwayar da aka fi sayarwa EPA 180 ne, DHA 120, jimilla 300 mg, sauran 700 mai ne kawai. Wasu kamfanoni kuma lissafin ƙwaya biyu suke bugawa a wuri ɗaya, sai ka raba kafin ka san na guda. Da wannan nake auna farashi: kwalba mai ƙwaya 60, kowace da 600 mg na EPA da DHA, daidai take da mai ƙwaya 120 ta 300. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai 250 mg na EPA da DHA a rana ta ambata don lafiyar zuciya.

Kirari irin su "tsantsa" ko "mai darajar magani" ba sa tsayar da ni, kowa ma yana iya bugawa. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, rajista kawai take nunawa. Abin da nake nema lambar rukunin da aka haɗa kayan, da shaidar gwaji daga wajen kamfanin, irin ta IFOS da ke Kanada, wadda ake iya bincikawa a intanet. A takardar gwajin, ma'aunin lalacewar mai da ake kira TOTOX kada ya wuce 26.

Sai dai a masana'anta aka yi gwajin nan, ba a bazarar Damagaram ba, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Zafi da iska da haske su ke ɓata man kifi. Kwalbar da ta wuni a rana bisa tebur a Kasuwar Dole, ko da saura shekara a kwanan watanta, ban yarda da ita ba. Nakan girgiza ta. In ƙwayoyin sun manne sun zama dunƙule, ta sha zafi. Sannan in tsaga guda da reza a kan faranti. Ɗan ƙarni ba laifi. Wari mai hawa hanci kamar na tsohon fenti, da ɗaci mai kartar maƙogwaro, shi ne man ya lalace. Wanda aka sa wa ƙamshin lemo ya fi wuyar ganewa, don ƙamshin na rufe warin. Wadda aka buɗe kuwa, firiji ne wurinta.

Masu cewa yana hana ciwon zuciya sun wuce gona da iri. Binciken VITAL na 2018 a Amurka ya bi mutum kusan 26,000, rabinsu na shan giram ɗaya kullum, kuma ba a ga raguwa tabbatacciya ba a jimillar manyan cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Kafin in miƙa kwalba nakan tambaya: "Hajiya, ke za ki sha ko wata mai ciki?" Man hantar kifi daban yake da man jikinsa, yana da bitamin A mai yawa, wanda in ya yi yawa yakan cutar da ɗan tayi. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma, wajen likitansa nake fara tura shi.